An Bar Jaki Ana Dukan Fis

Sabon rediyon mota yana zuwa da wayoyi fiye da goma a ƙeyarsa, amma uku ne ke haɗa faɗa. Ruwan ɗorawa tana ɗauko wuta kai tsaye daga batir don rediyo ya riƙe agogo da tashoshi, ja ba ta samun wuta sai an murɗa makulli, baƙa kuma, wato wayar ƙasa, jikin ƙarfen mota ake ɗaura ta. Da zarar ɗaya daga cikin biyun farko ta yi tsirara ta shafi ƙarfe, sai ka ji "tas", fis ya ƙone. Aikinsa ke nan, ya tsinke kafin waya ta yi zafi ta kama da wuta. Daga wannan "tas" ɗin ne halin mutane ke fitowa.

Akwai Mai Haƙuri. Shi ba ya tambayar dalili. Zai tura yaro ya sayo fis biyar, ya sa na farko ya ƙone, ya ce ɗan China ne. Na biyu ya ƙone, ya ce ai kamfaninsu ɗaya. In sun ƙare sai ya koma zare na wasu gurabe: na hon, na fitilar ciki, na waifa. Tun da rani ne babu wanda zai lura, sai ranar da ruwan Agusta ya tsare mai motar tsakanin Zariya da Kaduna.

Wansa shi ne Mai Ƙarin Girma, kuma ya fi shi haɗari domin yana da hujja. Launin fis lambarsa ce: ja amfiya 10, shuɗi 15, ruwan ɗorawa 20, kore 30. In ja ya ƙone sai ya kaɗa kai ya ce, "Alhaji, wannan rediyon babba ne, ya fi ƙarfin ƙaramin fis." Ya sa shuɗi, ya tsallake zuwa kore, ya tafa hannu. Abin da bai taɓa zama ya lissafa ba shi ne, an zaɓi fis ne daidai kaurin wayar da yake gadi. Siririyar wayar da aka yi wa amfiya 10 ba ta ƙara ƙiba don an sa mata kore. Fis ɗin zai tsaya daram, ita ce za ta narke a bayan dashbod, inda ba a gani sai dai hanci ya ba da labari. Kuma ko ƙaurin roba ya tashi, zai ce sabon kaya ne, haka yake yi kwana biyu.

Shi kuwa Mai Takardar Sigari ya wuce batun launi gaba ɗaya. Ya naɗe mataccen fis da takardar nan mai ƙyalli, ko ya tsinko silin waya ya haɗe ƙafafun biyu, ya ce an gama da matsalar har abada. Wani lokaci gaskiya yake faɗa, har da motar.

Sai Injiniyan YouTube, galibi ɗan mai motar ne da ke hutun makaranta. Ya kalli bidiyon wani Ba'amurke, ya haddace launukan wayoyi, ya taho da almakashi ya datse soket ɗin motar tun daga tushe. A nan yake gano cewa launukan nan na rediyo ne, su kuwa Toyota da Honda kowa da nasa. Ya nemi wayar ƙasa da ido, ya kama ta fitilun dashbod, rediyo ya yi waƙa lafiya har magariba. Ana kunna fitila, dashbod ya yi duhu, fitilun baya suka bi shi, domin a motoci da yawa fis ɗinsu guda ne. Idan Golf ce ya taɓa, yana iya tarar da gurbin ja da na ruwan ɗorawa a juye, rediyo ya riƙa mance tashoshinsa duk lokacin da aka kashe mota. Wannan kam zai ce aljanu ne, ko baki.

Kada a manta da Majalisar Benci, masu zaman inuwar gareji. Ba su taɓa riƙe sukundireba ba, amma ɗaya zai rantse batir ne, ɗaya ya ce altaneta, na uku ya ba da labarin motar surukinsa.

Gwanin gaske ba shi da daɗin kallo. Ya cire kan batir na ƙasa tukuna, ya zare soket ɗin rediyo, ya sa fis mai lambar da aka rubuta a murfin akwatin fis, ya mayar da batir. In ya sake ƙonewa, laifin yana wayoyin mota. In ya tsaya, yana rediyo ko haɗin da aka yi masa. Daga nan ƙwan gwajinsa ya bi waya ɗaya bayan ɗaya, har ya kai ga inda baƙin salatif ya warware saboda zafi, ko inda sukuru ya huda waya.

Shi ne kuma yake gamuwa da na ƙarshensu, Mai Mota Mai Lissafi, wanda ya tsaya a kansa awa biyu yana kallo. Aka faɗi kuɗin aiki, ya dafe ƙirji.

"Haba Oga, don Allah fa! Ina tsaye a nan, fis ɗaya ka canza."

"Haka ne, Alhaji. To biya na fis ɗin, in mayar maka da wayar yadda na same ta."