Allah Ya Ja Kwanan Sa

Ba wanda ya aike ni. Ana zaune a tsakar gida ana lissafin kuɗin dinar bikin ƙanwata, aka zo kan mai haɗa bidiyon hotunan da za a haska a majigi, aka faɗi abin da ya nema, sai kawai na ji bakina ya ce, "Haba, wannan ai ko a wayata zan yi shi." Hajiya ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Da na san yadda ake fassara irin wannan addu'ar, da tun a nan na janye.

Lissafina ba shi da aibu, har yau ina nan a kan haka. Hotuna 60, kowanne ya tsaya sakan 4, ya kama sakan 240, wato minti 4 cif. Don abin ya yi armashi kuma, na ce maimakon kiɗa zalla a sa muryar babba yana bayanin kowane hoto. Wa za a samu in ba Kawu ba, tsohon hedimasta, mutumin da in ya ga lasifika sai ya gyara zaman hula?

Daren Laraba muka yi aikin naɗar muryar. Na baje masa hotunan, na ajiye agogo a gabana, duk bayan sakan 4 in taɓa masa gwiwa ya wuce na gaba. Mutumin da gaisuwarsa kaɗai kan cinye rubu'in awa, ga shi an ce ya gama yabon mutum a numfashi ɗaya. Sau tara muna sakewa. A na shida ya bige mini hannu ya ce, "Kai yaro, ko ɗaliban da na kora ba su taɓa mini gwiwa haka ba." Amma dai muka samu. Na ɗora muryar a ƙarƙashin hotunan, kowace magana ta hau kan hotonta kamar an auna da magwaji.

Da a nan na tsaya, da yanzu ana kirana gwani.

Ranar dina da la'asar, muna cikin mota, na sake kallon abin sai na ga hotunan suna sauyawa garau-garau, wannan ya ɓace, wancan ya faɗo, ba wani ado. Na shiga manhajar na tarar da rumbun salon sauya hoto: mai juyawa kamar shafin littafi, mai tarwatsewa kamar an fasa tulu, mai shigowa da siffar zuciya. Na zaɓi mai hankalin cikinsu, wanda hoto ke narkewa a cikin na gaba, na ba shi sakan 1, na danna wurin da ke cewa a sa wa duka. Na ƙara da matsowar nan ta a-hankali da kyamara kan yi zuwa cikin hoto, wadda ake kira da sunan Ken Burns, Ba'amurken da ya yi suna da ita a shirinsa na 1990 kan yaƙin basasar Amurka. Na kalli sakan biyar na farko, na ga abu sumul. Cajin waya ya yi ja. Na fitar da bidiyon, na tura wa mai majigi.

Aka rage fitilu. Muryar Kawu ta cika zauren, shi kuma yana zaune a babban teburi yana gyaɗa kai, yana yarda da kansa.

Farkon abin bai nuna ba. Sai da ya ce, "Ga ta nan tana rarrafe," alhali yarinya na tsaye da ƙafafunta tana riƙe da kofi, na ji Gwaggo a bayana ta ce, "Rarrafe a tsaye?" Na ce a raina tsufa ne, ido ya fara rauni. Da ya ce, "Ranar da aka kai ta firamare," sai ga budurwa da allo a hannu ranar saukar karatu. Nan gumi ya fara tsattsafo mini. Hotunan sun tsere wa Kawu, kuma kowane hoto sai ya ƙara ba shi rata.

Minti ɗaya daidai, Kawu ya iso hoto na 16, ya sassauta murya don girmamawa: "Ga babban baƙonmu, mahaifin ango, Allah ya ja kwana." A kan allon kuwa an riga an kai hoto na 21. Sa ne, bajimi fari mai tozo, wanda dangin ango suka kawo gudummawa. Kyamarar Ken Burns ta shiga matsowa a natse, da ladabi, har cikin hancinsa. Abin da ya ƙara dagula lamarin, wanda ake roƙa wa tsawon kwanan yana cikin farantan da ke gaban jama'a, an yi farfesunsa. Wani daga can baya ya ce "Amin" da ƙarfi, da tsoka a bakinsa.

Na miƙe zan ruga wurin mai majigi, zanen teburi ya harɗe ni. Kafin in kuɓuta, Kawu ya iso bayanin san da kansa, cikin raha: "Wannan kuwa an kiwata shi da kyau, ya isa yanka." Hoto na 27 ke kan allo: ango, cikin babbar riga, yana murmushi da duka haƙoransa. Abokansa suka kife a kan tebur. 'Yan matan amarya suka saki guɗa.

A minti 3 da sakan 1 hotuna suka ƙare, allo ya yi baƙi ƙirin, amma Kawu yana da sauran bayani 15 a baki. "Ku dubi hasken fuskar nan," in ji shi, cikin duhu. "Ku ga yadda suka dace." Wani ya yi ihu an ɗauke wuta, yaron janareta ya fita a guje, ya dawo yana rantsuwa cewa injinsa lafiya lau. Sakan 59 muka yi a haka. Na san adadin don daga baya na ƙirga, amma a lokacin na ɗauka an kwana an wuni.

Mai ɗaukar bidiyon bikin, wanda na hana shi aikin tun farko, shi ya same ni a bakin ƙofa ina neman hanyar sulalewa. Bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi mini ciwo.

"Yallaɓai, ka taɓa ganin ana rufin kwano?"

Na ce na taɓa.

"To ai kafinta ba ya jera kwano baki da baki, sai ya ɗora gefen wannan a kan wancan. Kwano goma ba ya rufe faɗin kwano goma. Narkewar nan da ka sa, haka take. Kafin hoto ya narke a cikin na gaba, dole su biyun su hau kan juna na sakan ɗaya, kuma wannan sakan ɗin daga jikinsu ake cire shi."

Ya karɓi wayata ya nuna mini. Tsakanin hotuna 60 akwai mahaɗa 59, kowace ta ci sakan 1, sai 240 ya koma 181. Sabon hoto na shigowa duk bayan sakan 3, Kawu kuwa na nan a kan sakan 4 ɗinsa, don murya ba ta san an yi rufin kwano a samanta ba. Ya ce ko ba murya ma na cuci hotunan, domin kowanne na tsakiya ya ba da sakan ɗaya a shiga, ɗaya a fita, saura sakan 2 kacal da ake ganinsa sarai. Ya ce manyan manhajojin kwamfuta da suke aiki da su sukan miƙa hoton a ƙarƙashin mahaɗar don kada tsawon ya taɓu, amma da yawa daga na waya janyo komai suke yi baya, ba sallama.

"Da me ya kamata in yi?"

"Ka ba kowane hoto sakan 5. Sau 60, 300. Cire 59, saura 241. Kowane hoto zai shigo daidai kan maganarsa." Ya miƙo mini wayar. "Ko kuma ka kalli abin har ƙarshe kafin ka tura."

A daren na gyara shi. Ya fito tsaf, mahaifin ango a kan addu'arsa, sa a kan wuƙarsa. Na tura zauren WhatsApp na dangi, mutum biyu suka buɗe, ɗaya daga ciki ni ne. Kawu ya yi mako uku ba ya amsa gaisuwata sai da ɗaga gira.

Ranar da muka je gaishe da surukai, ina ta sunkuyar da kai, dattijon ya kira ni gefe. Na durƙusa na fara jero ban haƙuri, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Ɗana, gyararren nan na gan shi, ya yi kyau. Amma wancan na farkon nake so ka turo mini. Abokaina na masallaci sun ce ƙarya nake yi."