Nasiha ga Mai Niyyar Cin Dafaffen Fasnif a Ƙasar Ingila

Amma ba'adu, ya kai mai karatu, idan ƙaddara ta kai ka ƙasar Ingila cikin watannin hunturu, wani mutumin kirki ya gayyace ka cin abincin ranar Lahadi, ka ga an ajiye maka wata saiwa fara fat kusa da gasasshen nama, doguwa mai tsini, wadda idonka zai rantse karas ce da ta yi doguwar jinya, to kada ka firgita, fasnif ke nan, ɗan gida ɗaya da karas da faski da seleri, kuma cin sa yana da sharuɗɗa waɗanda jahiltarsu kan sa mutum ya wahalar da muƙamuƙinsa ba tare da ya sami lada a jikinsa ba.

Ka fara da gyara niyya, domin wanda ya tunkari wannan saiwa da kwaɗayin ƙarfi ya yi ɓatan kai tun daga ƙofa. Ma'aikatar Noma ta Amurka, wadda ta ɗora wa kanta wahalar auna kusan duk abin da ɗan Adam ke kaiwa baki, ta bayyana cewa a cikin giram 100 na dafaffen fasnif akwai kalori 71, da furotin giram 1.3, da mai wanda bai kai ko rabin giram ba, kusan kashi 80 cikin ɗari kuwa ruwa ne tsagwaronsa. Ma'anar wannan lissafi ita ce, magidancin da ya ƙudura samun furotin ɗin yininsa daga fasnif kaɗai sai ya cinye fiye da kilo 4, kuma wanda ya aikata haka, ba likita yake bukata ba tukuna, iyalinsa ne ke bukatar haƙuri. Kada kuma ka sa rai da gyaran ido irin na karas, gama abin da ke ba karas launinsa, wanda jiki ke juyawa zuwa bitamin A, shi fasnif ba a yi masa rabo da shi ba.

To amma zalunci ne a ce ba shi da falala. Cikin wannan giram 100 akwai faiba giram 3.6, wato abin da ke sa hanji ya yi aikinsa ba da gardama ba, da fotasiyam kimanin miligiram 367 mai taimakon zuciya da jijiyoyi, da folet maikrogiram 58 wanda jiki ke gina jini da shi kuma masu juna biyu suka fi kowa bukatarsa, da bitamin C miligiram 13, kusan sulusin miligiram 40 ɗin da hukumomin lafiya na Birtaniya suka ƙayyade wa baligi a yini. Mai ciwon ƙoda wanda likita ya hana shi fotasiyam, wannan magana ba raha ba ce a wurinsa, ya ɗanɗana kaɗan ya janye hannu.

A nan muka iso babbar mas'ala, wato dahuwa, wadda a kanta ne yawancin masu girki ke tafka ɓarna suna zaton ihsani suke yi. Bitamin C da folet da fotasiyam dukkansu masu narkewa ne a ruwa, biyun farko kuma ba sa jure zafi mai tsawo. Saboda haka idan kana son ka tabbatar babu abin da ya rage, hanya mafi sauƙi ita ce ka fere saiwar da kauri, ka yayyanka ta ƙanana, ka cika tukunya da ruwa fal, ka bar ta tana tafasa har ka gama hira da maƙwabci, sa'an nan ka tsiyaye ruwan a magudana, ka kawo wa baƙi ragowar da alfahari. Ta wannan tafarki magudanar gidanka za ta yi ƙiba, kai kuwa ka tashi da harza. Wanda ke son akasin haka, sai ya kankare bayan sama-sama, ya yanka manya-manya, ya turara a madambaci gwargwadon yadda cokali mai yatsu zai shiga ba da faɗa ba, ko kuwa ya jefa cikin miya inda ruwan da ya sace amfanin zai biyo shi har ciki. In saiwar ta tsufa ta yi kauri, a cire zuciyarta, don takan zama itace, kuma ba a taɓa jin wanda ya sami lafiya da tauna itace ba.

Mutanen Ingila, sai dai Allah ya shirye su, sun fi karkata ga gashi. Sukan kwantar da fasnif cikin kitsen dinya ko man shanu, su kwarara masa zuma, su tura shi tanderu har ya yi ja, musamman ranar Kirsimeti, sa'an nan su zauna suna yaba wa kansu cewa kayan lambu suke ci. Cokali ɗaya babba na man shanu yana da kalori kusan 100, wato ya zarce na giram 100 na saiwar da aka shafa wa, zuma kuma ta ƙara nata sittin da ɗoriya. Ni dai ban ga laifin daɗi ba, kuma gasasshen ya fi dafaffen daɗi nesa ba kusa ba, amma wanda ya yi israfi ya daina kiransa ƙana'a. Kai kuma baƙo, ka tambayi uwargida cikin ladabi da wane kitse aka gasa, da kuma abin da suka kwanta tare a faranti guda, domin a wannan rana naman alade kan yi yawo a tanderu ba tare da iso ba.

Idan aka zo hira a kan tebur, kana da abin da za ka burge masu gida da shi. Ka gaya musu cewa zaƙin fasnif daga sanyi yake zuwa, gama sai ƙasa ta daskare sitacin cikinsa ke juyewa sukari, shi ya sa manoma ke barin sa a gona har hunturu ya kankama. Ka ƙara da cewa marubucin Rumawa Filini ya ruwaito Sarki Tiberiyas, wanda ya yi mulki daga shekara ta 14 zuwa ta 37 Miladiyya, yana sa a kawo masa wata saiwa kowace shekara daga bakin kogin Rayin, wadda masana da dama ke ɗauka ita ce wannan. Kuma kafin dankalin Turawa ya ƙetaro daga Kudancin Amurka a ƙarni na 16 ya ƙwace masa sarauta, fasnif ne ke cika cikin talakan Turai a lokacin sanyi. Amma in mai gida ya ji daɗi har ya ja ka lambunsa, kada ka kama ganyen da hannu tsirara, domin ruwansa in ya taɓa fata rana ta haska wurin, bororo yake tayarwa.

Saura fa'ida guda, ga wanda ya sami kansa da yara masu kukan ayaba alhali babu ita. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da gwamnatin Birtaniya ta dakatar da shigo da ayaba a 1940, matan ƙasar sukan dafa fasnif ya yi lugub, su murƙushe shi da sukari da ɗigon ƙamshin ayaba na kwalba, su shafa a burodi, su miƙa wa yara da sunan ayaba. Dabarar tana ci har yanzu, da sharaɗin yaron bai taɓa ganin ayaba ba, kuma babu babban wansa a ɗakin.