Halayen da Jirgi Mai Mita 12 Ke Tonawa

Jirgin ruwa mai filafilai, irin wanda ake haya a Marmaris ko Bodrum ta gaɓar Turkiyya don zaga tsibiran Girka, tsawonsa bai cika wuce mita 12 ko 13 ba. Mutum shida ko takwas ke cusa kansu ciki, ga ɗan kicin, ga banɗaki biyu. Gudunsa kuwa kilomita 10 ne a awa in iska ta yi kirki. Ba wurin ɓuya, ba saurin isa. Duk halin da mutum ya lulluɓe a tudu, kafin mako ya zagayo sai ya fito fili.

A fara da Kyaftin. A tsakiyar teku mutumin kirki ne, har shayi yake haɗa wa jama'a. Matsalarsa gaɓa. A wannan yanki da baya ake ajiye jirgi: a saki anka tun daga nesa, a ja da baya a kutsa tsakanin jirage biyu, a jefa igiya. In iska ta bugo daga gefe, nan take Kyaftin ke rikiɗa. Uwargidansa na can gaban jirgi riƙe da sarƙar anka, shi yana baya yana kururuwa: "Saki! Ƙara saki! Wa ya ce ki saki duka?" Da an ɗaure igiya sai ya dawo mutum, yana tambaya cikin mamaki me ya sa kowa ya ɗaure fuska. A tashar Simi, inda ruwan ke da zurfi, washegari yakan ɗago ankarsa haɗe da sarƙar maƙwabci, a sake sabon lale.

'Yan kallon wannan wasa su ne mutanen jiragen da suka riga isowa. Suna zaune da kofi a hannu, suna ba da shawara da harsuna huɗu, kowa na nuna wani ɓangare dabam. Jiya su ma haka suka yi ta karo da bango, amma gwano ba ya jin warin jikinsa.

Sai Mai Sifana, wanda ni dai na fi tausaya wa, na kuma fi jin tsoro. Gishirin teku ba ya barin komai lafiya. Yau ɗan robar nan mai haƙora da ke jawo ruwan teku ya sanyaya inji ya tsinke, gobe batir ya ƙi riƙe wutar sola, jibi famfon da ke kwashe ruwa daga ƙasan jirgi ya yi shiru. Shi ya sa ba a san fuskarsa sosai ba, an fi sanin tafin ƙafarsa, don kullum rabin jikinsa na cikin ramin inji. In an isa Rodos, jama'a su tafi tsohon gari su ga ganuwa da fadar mayaƙan da suka riƙe tsibirin har Sarki Sulaiman na Usmaniyya ya karɓe shi a 1522, shi yana bin lungu yana neman shagon kayan jirgi. Tambaye shi yaya Rodos, sai ya ce, "Gari mai kyau, nan na sami robar." Kos fa? "Ba su da bututun." Gaskiya ba don shi ba da babu wanda zai isa ko'ina. Sai dai ranar da komai ke aiki lafiya, ranar ce abin tsoro. Zai yi ta zagaye yana kasa kunne, can sai ya kwance abin da bai yi wa kowa laifi ba, wai don ya duba. In ya mayar, ƙusa biyu sun rage a hannunsa.

Kishiyarsa ita ce Mai Jerin Wurare. Tun ba a gama ɗaure jirgi ba ta tsallake, hula a kai, takarda a hannu. Ita ce ke tsayawa a tashar Mandiraki tana neman ƙaton mutum-mutumin tagulla na Rodos, wanda girgizar ƙasa ta kayar wajen shekara 226 kafin haihuwar Annabi Isa. Barewa biyu a kan ginshiƙi ta tarar, ta ɗauki hotonsu, ta ja layi a takarda. A Kos ta ja kowa zuwa bishiyar da ake cewa likita Hifokiratis ya koyar a inuwarta, alhali bishiyar ba ta wuce shekara 500 da wani abu ba, malamin kuwa ya haura 2,000 da rasuwa.

Akwai Gwanin Wanka. Tankin ruwan daɗi lita 300 zuwa 400 ne, na sha da girki da wanke-wanke. Ya manta famfon yana gurnani duk sanda aka buɗe ruwa, sauran mutane kuma na zaune a waje sun yi tsit, suna ƙirga masa.

Akwai kuma Teku-ba-ta-kama-ni. Haka yake faɗa a tasha, da ƙirji a gaba. Bari Meltemi ta taso, iskar arewar nan da ke ƙarfi a Yuli da Agusta. Sai surutu ya ragu, sai ya ce abincin jiya ne. A ce masa ya zauna a waje ya zuba ido can inda sama ta haɗu da ruwa, ya ce shi ba yaro ba ne, ya sauka ciki, inda jirin ya fi tsanani. Bokitin da ake wanke jirgi da shi ba a sake ganinsa sai yamma.

Wanda ba a taɓa kamawa ba shi ne Ba-ni-ba-ne. Bututun banɗakin jirgi siriri ne, tun ranar farko Kyaftin ya yi gargaɗi: kada a jefa komai sai abin da ya bi ta ciki. Duk da haka ran nan famfon ya cije. Mai Sifana ya shafe awa uku a durƙushe cikin zafi, ya fito da tsumman goge hannu a bakin filaya, ya ɗaga shi sama yana bin fuskoki da kallo ɗaya bayan ɗaya. Mai Jerin Wurare ta ce ita tun safe tana gari. Kyaftin ya ce wataƙila waɗanda suka yi hayar jirgin makon jiya ne.