Waƙar da Ta Tura Inna Yaji

Mu nan Zamfara ba ma sauraron waƙa da kunne ɗaya. Ɗaya yana bin kiɗa, ɗayan yana laluben wanda aka zaga. Haka muka taso, ba laifinmu ba ne. Ƙasar da ta fitar da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Salihu Jankiɗi da Kassu Zurmi ba za ta haifi mutanen da ke ɗaukar waƙa yadda ta zo ba. Makaɗin fada ba ya yabon sarki ya tsaya nan. Sai ya waiwayi ɗan sarkin da ya nemi gadon bai samu ba, ya laƙaba masa sunan wata dabba, ya kwaikwayi naɗin rawaninsa ko yadda yake jan ƙafa, duk fada a gane da wa ake, amma ba mai kai ƙara tunda ba a kama suna ba.

Ni kuwa abin har da takarda. Hausa nake koyarwa a wata sakandare cikin Gusau, kuma littafin Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, Jagoran Nazarin Waƙar Baka, na karance shi har bangonsa ya rabu da shi. A majalisarmu ta Tudun Wada, in gardama ta tashi kan wata waƙa, ni ake jira. Ina da ƙa'ida guda da nake taƙama da ita, wadda ni na ƙirƙiro abata, ba Farfesa ba: duk inda aka ɗaga wani a waƙa, to an danne wani. Ɗalibaina sun haddace ta. Har yau ban janye ta ba.

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a faɗin jihar saboda matsalar tsaro. Wanda bai zauna Zamfara a lokacin ba ba zai gane ba. Waya ta koma tocila da rediyo. Saƙon da a da za ka isar kana kwance, sai ka ɗauki ƙafa ka kai shi da bakinka. Haka mahaifiyata ta aike ni Tsafe wurin ƙanenta, Kawu, kan maganar kuɗin gona. Na shiga mota a matse, mu biyu a kujerar gaba, muka wuce dutsen Kwatarkwashi, muna sauka muna hawa a shingayen jami'an tsaro, kowa na addu'a a zuci.

Kawu matansa biyu. Inna, uwargida, ita ta goya ni ina yaro. Amarya kuwa ko shekara ba ta rufa ba a gidan, kuma na girme ta nesa. Tun daga zaure na jiyo waƙa na tashi daga ɗakinta: Jaruma ta Hamisu Breaker. Ba sai na gabatar da ita ba. Ita ce wadda ta mamaye ko'ina a 2020, lokacin kullen korona, har matan aure suka riƙa ɗora bidiyon suna yi wa mazajensu rawarta, malamai suka yi ta faɗa a kai. Waƙar soyayya ce, namiji na kurara mace, haka duniya ta ɗauke ta. Na ci tuwo tana tashi. Na yi sallar la'asar, na dawo, an sake ta daga farko.

Inna ta yafito ni bayan rumbu, inda take sheƙe gero. Ta rage murya.

"Kai da kay yi boko, hwaɗa mani gaskiya. Wagga waƙa, da wa take? Tun da anka ɗauke waya ba ni jin komi gidan ga sai ita, sahe da marece."

To, jama'a, ku sa kanku a matsayina. Mutum ya yi shekaru yana koyar da yara masu hamma, ga shi yau an kawo masa tambaya ta gaske, daga bakin mai buƙata. Na gyara hula. Na ce, "Inna, waƙa tana da turke, tana da tubalai. Turken wannan yabo ne. Amma yabo ba ya tafiya shi kaɗai." Na kawo mata waƙar da Ɗanƙwairo ya yi wa 'Yandoton Tsafe, tunda garin muke kuma ta san ta. Na tambaye ta ko a ganinta duk wanda ke fada ranar da ake rera ta daɗi ya ji. Ta ce a'a, akwai waɗanda suka sunkuyar da kai. Na ce madalla. To in aka ware mace guda aka ce ta fi, a gidan da mata suke biyu, sauran lissafin ai ba sai an je makaranta ba. Na ƙara da cewa a ilimin nazari ba waƙar kaɗai ake dubawa ba, har da wurin da aka yi ta da lokaci da masu sauraro. Wa ke kunnawa? Ina bakin lasifikar ya dosa? Muka leƙa tare. Wayar na bisa taga, tagar kuwa tana kallon madafar Inna.

Inna ba ta ce uffan ba. Ta ƙulle mini gyaɗa a leda, ta sa mini albarka. Na koma Gusau kafin rana ta faɗi, ina jin cewa yau dai karatu ya yi rana.

Da asubar Laraba aka buga mini ƙofa kamar za a ɓalle ta. Kawu ne, ko gaisuwa bai amsa ba. Inna ta haɗa kayanta, ta bi ta Gusau ba ta ko tsaya ba, ta wuce Bunguɗu gidan yayanta. Kafin ta fita ta shaida wa maƙwabta cewa ba zargi take ba, malami ne ya tabbatar mata, da littafi.

"Wanda yaɓ ɓata shi ka gyara," in ji Kawu. "Tashi ka tai biko."

Na ce ina da darasi. Ya ce darasin da na bayar a Tsafe ya isa na wannan zangon.

Bunguɗu ba nisa daga Gusau in ka ɗauki hanyar Sakkwato, amma ba waya balle in share fage, sai na faɗa gidan mutane haka nan. Yayan Inna, wanda kowa ke ce wa Baba, dattijo ne da ya haura tamanin. Na tarar da shi a zaure bisa buzu, da tsohuwar rediyo mai kaset a gefensa, an ɗaure murfinta da roba, da wasu tsofaffi huɗu jere a jikin bango. Mutanen yankin nan ba a koya musu waƙar fada. Jankiɗi ɗan Rawayya ne, nan ƙasarsu, kafin ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, kuma Baba ya ce da idonsa ya gan shi. Na duƙa na gaishe su.

Baba ya karɓe ni da girmamawar da ban taɓa samu ba ko a wurin aiki. Ya sa aka shimfiɗa mini darduma ni kaɗai. Ya dubi tsofaffin ya ce, "Ga malamin da nike ba ku labari. Shi ka jin kukan tsuntsu tun yana cikin ƙwai." Suka ce, "Allahu akbar!" Na sunkuyar da kai na ce ai duk baiwa ce daga Allah.

Sai ya ce yana da wata tsohuwar magana da ta daɗe tana ɗaure masa kai, ko zan warware masa. Wai wani zakara ne, gidansu ba a ba shi dama ya yi cara, sai ya tsallaka katanga ya je gidan kawunsa ya yi ta cara da tsakar dare, har masu gida suka tashi suka yi sahur ba azumi. Da wa ake?

Na ɗan yi shiru don a san ana tunani. Sannan na yi musu bayani dalla-dalla: turken gargaɗi ne, zakara ɗan siyasa ne da ya sauya sheƙa, katanga jam'iyya ce, tsakar dare kuwa kamfen kafin lokacinsa. Wani tsoho ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, aka kawo masa ruwa. Baba ya share hawaye da hannun riga ya ce bai taɓa jin fashin baƙi irin wannan ba. Yaron da ya raka ni cikin gida ya raɗa mini wai da ni ake. Yaro ne, aji biyu yake, ba a kai ga koya musu adabi ba.

Inna na same ta a tsakar gida tana shan fura, hankalinta kwance, har ta ɗan yi haske. Sharaɗinta biyu: a cire memorin nan daga wayar, kuma a zo mata da turmin atamfa. Ba ta faɗi wanda zai saya ba. Kawu ne ya faɗa, da na koma Tsafe da saƙo.

A can ne Amarya ta sa aka kira ni gaban Kawu. Ta miƙo mini wayar, ƙaramar mai maɓalli ce, ta ce in buɗe da kaina. Abu uku ne cikin memorin: waƙar nan, da rabin fim ɗin Indiya mai fassara wanda ke tsayawa daidai inda jarumin ya ɗaga sanda, da wa'azi guda kan illar zafin kishi.

"Malam," ta ce, idonta a ƙasa, "da wa'azin nik kunna bisa taga, mi za ka ce mata?"

Taga kuwa, wai nan ne kaɗai ƙusar rataye waya take. Memorin kuma babban ɗan Inna ne ya loda mata shi kyauta, a rumfarsa ta caji da ke bakin tasha. Kawu ya dube ni. Na ce wannan duk bayanan bayan fage ne, ba su rushe nazari ba, domin mai kunna waƙa na iya yin habaici bai sani ba. Kawu ya laluba takalminsa. Ban tsaya ganin ko sawa zai yi ba.

Rabin albashina ya tafi a atamfa da kuɗin mota. Inna ta koma ɗakinta tun kafin a maido da layukan waya. Bayan sallah babba aka yi bikin 'yarta, mai kiɗa ya tambayi waƙar da uwar amarya ke so, ta ce a sa mata Jaruma. Ta fito cikin atamfata ta taka, Amarya na yi mata liƙi, mata na guɗa. 'Yan'uwa suka ce ga shaida nan, ba komai cikin waƙar sai soyayya. Ni abin da na gani daban ne: martani ne, kuma mai zafi, don duk juyin da Inna ta yi sai ta ba Amarya baya. Na buɗe baki zan nuna wa na kusa da ni, sai na ji hannun mahaifiyata a kafaɗata.

Yanzu dokar dangi ce: duk bikin da za a yi kiɗa, ni ake bai wa tsaron tukunyar abinci a bayan gida. Mai waƙar da ta ɗaure masa kai ya same ni majalisar Tudun Wada bayan la'asar, ba na karɓar ko sisi. Sai dai ya fara faɗa mini matan gidan nawa ne.