Injiniyoyin Asabar da Lahadi

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuɗin makaniki ma ya bi sahu ya haye sama, unguwanninmu suka samu sabbin injiniyoyi da ba wata makaranta da ta yaye su. Litinin zuwa Juma'a malaman makaranta ne, akantoci da ma'aikatan ƙaramar hukuma. Ranar Asabar da hantsi kuwa sai ka ga mutum ya fito da tsohuwar singileti da wandon kaftanin da aka yi wa ritaya, ya ɗaga bonet ya tokare shi da muciyar uwargida, ya jingina waya a jikin batir ya buɗe YouTube.

Malaminsa wani Bature ne a Amurka, mai garejin da ya fi ɗakin tiyata tsabta, ga injin ɗaga mota, ga sifanu jere a bango. Ɗalibin kuwa jarinsa sifana ɗaya, filaya, wuƙar kicin da jak ɗin da ba ya tsayuwa sai an tallafe shi da bulo. Baturen ya kwance noti da yatsa biyu ya ce aikin na minti goma ne. Bai san motar da ta sha gishirin titunan Turai, ta sauka a Kwatano, sannan ta ci ƙurar hunturun Kano shekara da shekaru ba. Notinta ya riga ya rantse ba zai motsa ba.

Kafin azahar majalisa ta cika, domin ba a buɗe bonet a ƙasar Hausa a rasa masu ba da shawara. Dattijon da ya taɓa mallakar Pijo 504 zai leƙa ya ce, "Malam, kafireta ce, a hura ta." Motar ba ta da kafireta, amma wa zai musa wa babba? Shi a zamaninsa gaskiya yake faɗi. Motocin da kamfanin Peugeot ya fara haɗawa a Kaduna tun 1975, da waya da ƙusa da haƙuri ana lallaba su har Maiduguri. Ta yau kuwa tana da ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma tana da riƙo. Ka zare mata waya ɗaya, ta kunna maka jan ido a dashbod. Maganin wannan a wurin injiniyan Asabar mai sauƙi ne: a liƙe fitilar da baƙin salatif, ciwo ya warke.

Babban aikin da kowannensu ke alfahari da shi shi ne cire tamostat, wai an yi shi ne don ƙasashen sanyi, sannan a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba hutu. Abin da ɗan ƙarfen nan yake yi shi ne ya tare ruwan lagireto har inji ya yi ɗumin da ya dace da aikinsa. In aka cire shi, inji ya daɗe cikin sanyi, kwamfutar motar ta ƙara masa fetur don ya ɗumama. Wato mutumin da ya shiga ƙarƙashin mota don tsimin mai ya fito da motar da ta fi da shan mai, yana goge hannu yana murmushi. Wani kuma a ruɗe shi ya fasa salansa ya cire abin da makanikai ke kira indomi, ya sayar a banza, bai san ƙarafa masu tsada irin su falatinom ne suka sa masu sayen ke rawar jiki ba.

"Baban Abba, bikin fa ƙarfe huɗu ne," in ji uwargida daga bakin ƙofa, ta ci ado.

"Saura kaɗan, Hajiya. Abba, riƙe min tocilan nan da kyau!"

Ni dai ina zargin a nan asirin yake. Wanda ke kwance ƙarƙashin mota ba a aika shi cefane, ba ya zuwa ɗaurin aure uku a rana ɗaya, ba ya kai yara gidan kaka. Baƙin man da ke hannunsa takardar uzuri ce da ba a gardama da ita.

Samari su kuma kwalliya ce ta dame su: shuɗiyar fitila a ƙarƙashin mota, hon ɗin tirela a jikin Golf, lasifikar da ta cinye but gaba ɗaya, da tambarin V6 a bayan Corolla mai filogi huɗu. Tayoyin sun suɗe, birki na kuka, amma wannan sai wani watan.

Lahadi da yamma, bayan zirga-zirga zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa neman abin da aka karya jiya, a mayar da komai. Sai ga noti uku da wani roba a cikin kwanon sha, ba a san gidansu ba. Nan take a yanke hukunci cewa Japanawa akwai almubazzaranci. A murɗa makulli, shiru. A tara yaran unguwa su tura har ƙarshen layi, kafin wani ya tuna mota mai giyar otomatik ba ta tashi da turi.

Litinin da safe injiniya ya tare adaidaita sahu, motar kuma a ja ta zuwa gareji. Makaniki ya leƙa, ya yi shiru, ya girgiza kai.

"Alhaji, wa ya taɓa motar nan?"

"Wallahi wani yaro ne na ba wa."

Makaniki ya ga baƙin mai a farcen Alhaji, bai ce komai ba, sai dai ya caji kuɗin gyara biyu: na ciwon asali da na aikin yaron.

Don haka mai karatu, in za ka sayi mota ta hannu, mai ita ya bugi ƙirji ya ce maka, "Ba ta taɓa zuwa gareji ba, ni nake duba abata da kaina," ka yi masa godiya, ka ce za ka yi shawara, ka kama gabanka.