Ubuntu a Goman Ƙarshe

Ina aji uku a Jami'ar Bayero muka shiga darasin manhajar da ke jan ragamar kwamfuta, irin su Windows da Linux da Android. Aka ce mana a 1969 aka haifi Unix a Bell Labs ta Amurka, kuma Linus Torvalds yana ɗalibi a Helsinki ya fara Linux a 1991. Wannan na biyun ne ya hau mini kai. Ɗalibi ne kamar ni, ban kuma ji an ce kai biyu gare shi ba.

Mun karanta yadda manhajar ke raba wa ayyuka lokaci bi da bi, da matsalar da Dijkstra ya kawo a 1965: masana biyar a teburi da cokula biyar, sai da biyu ake iya ci, kowa ya damƙe ɗaya yana jiran na maƙwabcinsa har yunwa ta gama da su. Da a gidanmu ne, hannu za su wanke a wuce wurin.

Ilimi ya taru, kwamfutar gwaji ce babu. Kawuna kuwa yana da ita. Tela ne a Fagge, yana da injin zuba aiki na kwamfuta, kuma duk zanen wuyan riga da ya tara shekara da shekaru yana cikin wata tsohuwar laftof. Goman ƙarshe na azumi, shaddoji sun kai rufi, na shiga shagonsa da filas ɗauke da Ubuntu, wani nau'in Linux, a aljihu.

"Kawu, Windows ɗinka ta yi nauyi. Bari in sa maka Ubuntu a gefenta. Kyauta ce."

Kalmar ƙarshen kaɗai ya ji. "Bismillah, Injiniya."

Ubuntu ba ta da ha'inci, sai da ta tambaya: a zauna tare da Windows, ko a share faifan duka? Amma yaran shago sun bar keke sun yi mini rumfa, kuma injiniya ba ya tsayawa karatu a gaban jama'a. Na danna da sauri irin na gwanaye.

Ta tashi gwanin sha'awa. Kawu ya leƙo ya ce, "Madalla. To buɗe mini aikin Alhaji." Na buɗe nan, na buɗe can, wayam. Ko manhajar zanen ma Windows kaɗai take ganewa. Na fara yi masa bayanin yadda ake yanka faifai kashi-kashi. Ya ce, "Ɗan nan, ina azumi."

Kafin la'asar ina cikin adaidaita sahu da laftof a ƙirji, sai France Road a Sabon Gari. Wani matashi Ibo, haifaffen unguwar, wanda Hausarsa ta fi tawa gishiri, ya saurare ni ya ce, "Malam, wane ɗan koyo ne ya taɓa ta?" Na ce wani yaro ne a unguwarmu. Ya ce, "A raba shi da na'ura."

Ya zare faifan ya jona a tasa, yana faɗa mini abin da na rubuta a jarrabawa na ci maki: sharewa ba ta goge abin da ke faifai, rajistar sunaye take rushewa, sai wurin da aka rubuta sabo a kai ne ya tafi ke nan. Na gyaɗa kai kamar yau na fara ji. Na biya da kuɗin ɗinkina na sallah.

Yawancin zanen ya dawo, amma tsirara, ba suna, sai lambobi. Dararen nan na ibada ni a shago na yi su, ina buɗe fayil ɗaya-ɗaya, Kawu na tsaye a kaina: "Wannan na Alhaji ne. Wannan na angon Kurna. Wannan hoton ɗaurin aure ne, wuce." Na angon rabinsa ya dawo, aka lallashe shi cewa sabon yayi ne.

Bayan sallah Kawu ya sa wa laftof ɗin lambar sirri. Ƙaramin yaron shago, mai sa maɓalli, shi aka ba. Na tambaye shi a asirce, ya ce an hana shi gaya wa 'yan jami'a.