Iyaye Iri-iri, Ɗalibai Kala-kala

Tun 2004 dokar UBE ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole. To amma doka ba ta tashin yaro da asuba, wannan aikin mutanen gida ne.

Akwai Baba Soja. Ko ƙofar barikin Bukavu bai taɓa leƙawa ba, amma in ya yi gyaran murya a zaure har kaji sai sun nutsu. Ɗansa ya zo na biyu a aji, sai ya ce, "Shi na ɗayan kai biyu gare shi?" A gida sunan yaron Jaki, sai ranar salla ake tuna na yanka. Ba ya fashin makaranta, ina ya ga fuska? Sai dai ko ya san amsa ba ya ɗaga hannu, don an riga an tabbatar masa cewa duk abin da ya fito daga bakinsa shirme ne. Ranar karɓar sakamako kuwa gidan kaka yake kwana.

Sai Hajiya Ƙyale-min-shi. Autanta har ya fara gemu, amma da hadari ya haɗo sai saƙo: "Malam, a yi haƙuri, Auta ba ya son sanyi." Litinin ciwon kai, Laraba ciwon ciki, Juma'a ai dama rabin rana ce. Cutar kan warke daidai lokacin da za a take wasan Arsenal a gidan kallo. Ji da kai kam ya yi masa yawa, matsalar dai WAEC ba ta san auta ba.

Alhaji Nawa-ne shi ma yana nan. Kuɗin makaranta ba ya kwana, amma ka tambaye shi ajin ɗansa sai ya waiwayi direba, wanda dama shi ke zuwa taron iyaye da malamai. Yaro ya gane ba mai dubawa, ya shiga ta ƙofa ya fita ta katanga.

Inna mai ɗora wa 'yarta farantin awara ran kasuwa, ita ba zan yi mata dariya ba. Tukunyar dare ce ke jiran cinikin.

Uwar da yara suka fi kuka da ita kuwa, ba duka ba zagi. In ka faɗi lissafi sai ta ce, "Zo ka nuna min inda ya gagare ka." Ɗanta kan yi gardama da malami ba tare da murya ta yi rawa ba. Sau ɗaya ya gwada ciwon ƙarya, ta shafa goshinsa, ta ce sannu, ta ɗauko waya. Ashe tana da lambar malamin aji.